Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Magatakardan Jami'o'i da Kwalejoji Kan Tsofaffin Fayilolin Access

 

Dalilin wannan wasiƙa shi ne rajista da sakamakon jarrabawar ɗalibai da ke kwance cikin tsofaffin fayilolin Microsoft Access a ofisoshinku. Kamfanin Microsoft ya janye tallafinsa ga Office 2016 da 2019 ranar 14 ga Oktoba, 2025, don haka sabunta manhaja ya zama tilas. Roƙona ɗaya ne: kada a taɓa kwamfuta ko ɗaya sai an san abin da ke cikinta.

Har zuwa Access 2003, fayiloli na ƙarewa ne da .mdb. Da fitowar Access 2007 aka kawo .accdb. Sababbin manhajojin na buɗe .mdb na 2000 zuwa 2003, amma daga Access 2013 zuwa yau babu wadda ke buɗe fayil ɗin Access 97. Mafita ita ce a fara buɗe shi da Access 2003, 2007 ko 2010, a juya shi zuwa tsari na gaba, sannan a kai shi sabuwar manhaja. Saboda haka tsohuwar kwamfutar da ake shirin yin gwanjonta na iya zama ita kaɗai ce ke da makullin. Da tsohuwar zuma ake magani. A adana ta har aiki ya kammala.

Babban abin tsoro shi ne tsaro. A tsarin .mdb ana iya raba izini mutum-mutum ta fayil ɗin .mdw: wannan ya duba kawai, wancan ya shigar da maki. Tsarin .accdb bai san wannan rabo ba. Da zarar an juya fayil, izinin ya zube, kuma akawun da a da kallo kawai yake yi zai iya sauya makin ɗalibi. Inda ake buƙatar wannan kariya, a mayar da bayanan kan babban rumbu irin SQL Server ko PostgreSQL, a bar Access a matsayin fuskar aiki.

Sai batun sunaye. Access 97 ba ya aiki da Unicode, shi ya sa masu buga ƙ da ɗ da ɓ a wancan zamani suka dogara da fon na musamman. Bayan juyi, sunan Ɗanladi ko Ƙasimu na iya fitowa da baƙuwar alama. Mutum ne zai zauna ya gyara, manhaja ba za ta yi da kanta ba.

Ƙa'idar aikin mai sauƙi ce. A yi juyi a kan kwafi, a bar na asali yadda yake. A ƙirga layukan kowane tebur kafin juyi da bayansa, a gwada wasu da takardun da Majalisar Malamai ta makarantarku ta amince da su. A fitar da kwafin CSV, a ajiye a wurare biyu.

Ranku ya daɗe, ku naɗa jami'i ɗaya da sunansa, ku ware masa kuɗi a kasafin bana, ku sa masa wa'adi. Wanda ya kammala karatu a 1999 yana da haƙƙin karɓar cikakken sakamakonsa duk ranar da ya nema, kuma sa hannunku ne zai hau takardar.

Wassalam.

Naku,
Wani ma'aikacin adana bayanai