Kada Mu Cike Rijiya Saboda Maciji

Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili domin in faɗi ra'ayina a kan wani abu da ya faru a ɗakin kwamfuta na makarantarmu a zangon hunturun da ya wuce. Saura ƙiris abin nan ya hana wannan mujalla da ke hannunku fitowa.

Ni da abokaina uku aka ɗora wa aikin buga rubuce-rubucen da ɗalibai suka kawo. Mako uku muka yi muna zuwa kullum bayan sallar la'asar, muna bugawa a wata kwamfutar tebur guda ɗaya wadda ke aiki da Windows. Ran wata Laraba, ina cikin buga labarin ƙarshe, sai wuta ta ɗauke ba zato ba tsammani. Da aka tayar da inji na kunna kwamfutar, na sa kalmar sirrinmu kamar yadda na saba, sai ta ƙi buɗewa. Na sake sawa, ta fito da wani saƙo cikin Turanci, ta mayar da ni baya. Na gwada har sau bakwai, gumi na keto mini duk da sanyin da ake yi.

Nan da nan aka taru a kaina. Wannan ya ce na manta kalmar ne, wancan ya ce ƙwayar cuta ce ta shiga, wani kuma ya bubbuga akwatin da hannu kamar tsohuwar rediyo. Daga ƙarshe dai bakin jama'a ya zo ɗaya, cewa gobe a kai ta kasuwa wurin mai gyara a yi mata fomatin. Ga wanda bai sani ba, fomatin shi ne a goge duk abin da ke cikin kwamfuta tas, a sake zuba mata sabon Windows. Kwamfuta za ta tashi garau, amma aikinmu na mako uku ya tafi ke nan.

Allah ya taimake mu da wata Malama 'yar bautar ƙasa da ke koya mana lissafi. Da ta ji hayaniya ta leƙo, ta ce, "Ku dakata, yara. Wa ya karanta abin da kwamfutar ta rubuta?" Muka yi tsit. Mu fiye da goma a wurin, babu wanda ya karanta. Ta sa ni na kwafe saƙon a takarda, sa'an nan ta fassara mana. Ashe kwamfutar ba ta ce kalmar sirrin kuskure ce ba. Cewa ta yi ta karɓi kalmar, amma ta kasa ɗauko bayanan mai wannan asusun.

Ga yadda Malama ta bayyana mana. Kowane mutum da ke da asusu a Windows yana da ɗakinsa a ciki, inda ake ajiye takardunsa da hotunansa. A cikin ɗakin akwai wani ɓoyayyen fayil mai suna NTUSER.DAT, wanda ke riƙe da tsarin mai ɗakin. Kwamfuta tana yawan rubutu a cikin wannan fayil. In wuta ta ɗauke tana tsakiyar rubutun, fayil ɗin yana iya lalacewa, sai ƙofar ɗakin ta cije. Kayan da ke ciki kuwa suna nan lafiya lau, babu abin da ya same su.

Duk da haka, da ƙananan abubuwa ta fara. Ta duba ko maɓallin manyan haruffa a kunne yake, domin a wurin kwamfuta babban baƙi da ƙarami ba ɗaya ba ne. Ta duba maɓallin da ke kunna lambobi. Ta duba harshen da allon bugu yake kai, saboda mun sa tsarin Hausa don mu sami ɓ da ɗ da ƙ, kuma in tsarin ya sauya, abin da ka danna ba lalle ne shi ya shiga ba. Ta kashe kwamfutar ta sake kunnawa sau ɗaya. Da duk wannan bai yi ba, sai ta danne maɓallin Shift ta sake tayar da ita, ta bi ta wata hanya da ake kira Sef Mod, watau inda kwamfuta ke tashi da abubuwan da suka zama dole kaɗai. Ta shiga da asusun malamin da ke kula da ɗakin, bayan ya zo ya sa kalmarsa da hannunsa.

Abin da ta yi bayan nan shi ne ya fi zauna mini a rai. Kafin ta taɓa komai da sunan gyara, sai da ta nemo ɗakinmu ta kwashe dukan rubuce-rubucen mujalla ta zuba a filash. Ta ce, "In gobara ta tashi, yara ake fara fitarwa kafin a nemi ruwa." Daga nan ta sa kwamfutar ta binciki ma'ajiyarta da wani umurni da ake kira chkdsk, ta buɗe mana sabon asusu, ta mayar da takardunmu ciki. Kafin a kira magariba mun ci gaba da aiki. Shafi ɗaya kawai muka rasa, wanda ban riga na adana ba lokacin da wutar ta ɗauke, kuma wannan laifina ne.

Mu mutanen Daura ai mun fi kowa sanin labarin rijiyar Kusugu. An ce maciji ne a ciki, ba ya barin kowa ya ɗebi ruwa sai ranar Juma'a. Da Bayajida ya zo bai ce a cike rijiyar a haƙa wata ba. Macijin ya kashe, ya bar wa mutane ruwansu, ga ta nan har yau baƙi na zuwa gani. To, wanda ya goge kwamfuta ɗungurungum don ƙofa ɗaya ta cije, ya cike rijiya ne saboda maciji.

Ra'ayina shi ne, ya kamata makarantarmu ta riƙa koya mana yadda ake neman matsalar kwamfuta a warware ta, kamar yadda ake koya mana bugu da adana takarda. A yanzu mun haddace sunayen sassan kwamfuta kamar karatun allo, muna cin jarrabawa da su, amma da zarar ta yi gardama sai mu naɗe hannu. Ɗakin ma sau ɗaya a mako kowane aji ke shiga, sai ka ce macijin Kusugu ne ke gadinsa.

Dalilina na farko shi ne jarrabawa. Tun daga 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a gaba ɗaya a kan kwamfuta. A 2024 hukumar WAEC ita ma ta fara gwada haka ga masu zana jarrabawa da kansu. Duk wanda ke son shiga Jami'ar Sufuri ta Tarayya ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke nan Daura, ta gaban kwamfuta zai bi. Ranar jarrabawa ba za a bar ɗalibi ya yi gyara ba, amma wanda ya saba ba zai ruɗe ba in ta ƙi karɓar lambarsa. Zai karanta saƙon, ya duba maɓallansa, ya ɗaga hannu ya gaya wa mai kula ainihin abin da ya gani. Wanda bai saba ba kuwa kuka zai fashe da shi, lokaci na tafiya. Matsala kuma takan faru ko ga manya. A watan Mayu na 2025 shugaban JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ya nemi gafara a kan kuskuren na'ura da ya shafi ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da Kudu maso Gabas, har aka sake musu jarrabawa.

Dalilina na biyu shi ne, wannan ilimi sana'a ce babba. Ranar 19 ga Yuli, 2024, wani kamfanin tsaron kwamfuta na Amurka mai suna CrowdStrike ya aika da sabuntawa mai kuskure, kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 masu aiki da Windows suka ƙi tashi. Jiragen sama suka kasa tashi, aiki ya tsaya a bankuna da asibitoci a ƙasashe da dama. Maganin da aka fara bayarwa shi ne mutum ya zauna gaban kowace kwamfuta, ya shiga ta Sef Mod, ya cire fayil ɗin da ya jawo fitinar. Watau ƙofar nan da Malama ta bi a ɗan ɗakinmu, ita injiniyoyin duniya suka bi.

Na san akwai masu cewa in aka bar ɗalibai suna tone-tone a cikin kwamfuta za su lalata ta, ga shi kuma kuɗin saye ba ƙarami ba ne. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, domin na ga wanda ya cire maɓalli ya sa a aljihu. Amma a kusurwar ɗakin akwai tsofaffin kwamfutoci da ƙura ta rufe, ba a amfani da su. Me zai hana a ware biyu daga ciki mu riƙa koyo da su a gaban malami? Ɗan koyon kanikanci ma da tsohon inji yake fara wasa kafin a ba shi motar mutane. Haka kuma ban ce masu gyara na kasuwa ba su iya ba. Akwai ranar da fomatin ne kaɗai mafita, kuma sau da yawa mu ne muke zuwa muna ce musu mu dai ta tashi yau. Abin da nake cewa shi ne a ajiye shi a ƙarshe, bayan an kwashe kayan mutane.

Saboda haka ina da roƙo ga kowa. Ga hukumar makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai, a taimaka a saya wa kwamfutocin da ake muhimmin aiki da su ɗan akwatin batir ɗin nan da ake kira UPS. Yana riƙe wuta na 'yan mintoci, har mutum ya adana aikinsa ya kashe kwamfuta yadda ya dace. A kuma ɗinka musu murfi saboda ƙurar hunturu. Rigakafi ai ya fi magani. Ga iyayenmu, in kwamfutar gida ko ta shago ta ƙi buɗewa, kada a miƙa wa mai gyara sai an ce masa ya fara kwashe takardu da hotuna. Ga 'yan'uwana ɗalibai kuma, duk aikin da kuke jin zafinsa ku ajiye shi wuri biyu, ku riƙa adanawa kuna cikin bugu, kada ku ba kowa kalmar sirrinku. In kwamfuta ta rubuto muku saƙo, ku tsaya ku karanta kafin ku danna komai. Gaggawa aikin Shaiɗan ce.

Malamar nan ta gama bautar ƙasa ta koma garinsu, ba ta ma ga mujallar da ta ceto ba. Abin da ke damuna shi ne, in wuta ta sake ɗaukewa gobe, wa zai tsaya a gurbinta? Ina fata kafin zango mai zuwa ya ƙare a sami aƙalla ɗalibai biyu a kowane aji da za su iya. Ni dai na riga na ba da sunana.