Simintin Malbaza: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi

Daga shekarar 1966, lokacin da masana'antar simintin Malbaza ta fara aiki, zuwa yau, kamfanin ya bi hannu bayan hannu kamar goron biki. Gwamnati ta riƙe shi ta saki, Turawan Norwe suka karɓa, Jamusawa suka gada, 'yan kasuwar Najeriya suka saya, sannan 'yan kasuwar gida suka gina sabo. A duk wannan ciniki akwai ɓangare ɗaya da bai taɓa zama kan tabarmar ba: talakawan Malbaza, da na Tajaye, da na ƙauyukan Illela da Ƙwanni, waɗanda a ƙasarsu ake fasa dutsen, kuma a gonakinsu ƙurar take sauka.

Abin ya samo tushe tun zamanin Nasara. Bayan kisan gillar da rundunar Voulet da Chanoine ta yi a Birnin Ƙwanni cikin watan Mayu na 1899, Faransa ta kafa bariki, kuma bariki yana bukatar gini. Gidan kwamanda da gidan kaso da zangon baƙi, da tubalin da talaka ya buga aka tayar da su, a ƙarƙashin aikin tilas wanda bai kau ba sai da dokar Houphouët-Boigny ta ranar 11 ga Afrilu 1946. Mai unguwa ya ba da mutane, dogari ya kora su bakin tafki, su kwaɓa, su buga, su ɗauka a ka. Siminti kuwa daga ƙetare yake zuwa, ta tashar jirgin ruwa da ta jirgin ƙasa, ya ƙare a kantunan manyan kamfanonin Faransa irin su CFAO da SCOA. Tun ran nan aka yi rabon: gumi na ɗan ƙasa, riba ta mai takarda.

Gwamnatin Diori Hamani ta so ta karya wannan rabo. Ta kafa kamfanin siminti na ƙasa, SNC, ta dasa shi a Malbaza domin a nan Allah ya ajiye dutsen farar ƙasa, kuma duwatsun Adar suna ba da jibsi, wanda mutanen karkara, har da mata, suke tsintowa da hannu su sayar. Masana'antar ƙarama ce, abin da take iya fitarwa a farko wajen tan 40,000 ne a shekara. Amma dukiyar jama'a ce, da sunan jama'a aka gina ta, kuma kowane buhu da ya fito daga cikinta buhu ne da ba a biya wa kuɗin jirgi da na dako daga bakin teku ba.

Me ya faru da ita? Abin da ya faru da 'yan'uwanta. Kamfanin gwamnati ya zama wurin sakayya ga 'yan gaban goshi, injuna suna tsufa ba a sabunta su, ma'aikatun gwamnati suna cin bashi ba su biya. Da kasuwar yuraniyom ta faɗi a farkon shekarun 1980, Nijar ta shiga hannun asusun FMI da Bankin Duniya daga 1983. Bankin raya ƙasa na BDRN ya durƙushe a 1990. Taron ƙasa na 1991 ya shafe wata uku yana tonon silili, amma bai tayar da masana'antu ba. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kuɗin kayan gyaran injuna da ake sayowa waje ya ninka. Waɗanda suka yi sakaci da saniyar har ta rame, su ne kuma suka zo suna rantsuwa cewa babu magani sai a kai ta kasuwa.

An kai ta kasuwa a 1998, zamanin Ibrahim Ba'are Mainasara, wanda ya hau mulki da bindiga a watan Janairu na 1996. Kamfanin Scancem na ƙasashen Norwe da Suwidin ya karɓi ragamar. Shekara ɗaya tak bayan haka, a 1999, kamfanin Heidelberg na Jamus ya saye Scancem ɗungurungum, Malbaza ta bi cikin kaya kamar akuyar da aka sayar tare da turke. A 2008 Jamusawan suka tattara nasu ya nasu, suka sayar da hannun jarinsu na Malbaza da na masana'antar Sakkwato ga kamfanin Damnaz na Najeriya. Wane ɗan majalisa ne ya je Malbaza ya tara jama'a ya faɗa musu nawa aka sayar, da wane sharaɗi? Wane minista ne ya karanta wa ma'aikata takardar cinikin? Mutumin da aka yanki gonarsa domin haƙar dutse, a rediyo yake jin sunan sabon ubangidan dutsen.

Masu kare wannan siyasa suna da hujja, kuma ba a raina ta ba. Suna cewa a duba sabuwar masana'antar MCC, wadda shugaba Issoufou Mahamadou ya buɗe a 2019 a ƙarƙashin jagorancin ɗan kasuwa Ibrahim Iddi Ango, mai ƙarfin tan 650,000 a shekara, fiye da ninki goma sha biyar na tsohuwar. Suna cewa a duba wadda 'yan China suka gina a Badagishiri, cikin gundumar Illela. Gaskiya ne, jarin 'yan kasuwa ya yi abin da baitulmali ya kasa cikin shekara talatin, kuma ganin ɗan ƙasa a kan kujerar abin farin ciki ne. Sai dai yawan tan amsar wata tambaya ce daban. Tajaye tana maƙwabtaka da masana'antun siminti biyu, amma manomin Tajaye da ƙasa yake gini, duk damina yana yaɓe, yana kwana da fargabar katanga in ruwa ya yi ƙarfi. Buhun da aka yi a bayan gidansa ya fi ƙarfin aljihunsa.

Darasi yana nan kusa, a ƙetaren iyaka. Masana'antar Kalambaina ta Sakkwato, wadda ta fara aiki a 1967, ta bi kusan hanya ɗaya: Scancem, Heidelberg, Damnaz, sannan BUA a 2010. Bambancin shi ne hannun jarinta ya shiga kasuwar hannun jari ta Legas tun shekarun 1990, saboda haka dole a buga sunayen manyan masu jari da lissafin shekara, kuma malamin makaranta yana iya sayen nasa ɗan rabo. Me ya hana a yi wa mutanen jahar Tawa irin wannan?

Dokoki ma ba su rasa ba. Dokar ma'adinai ta 2006 ta ware kashi 15 cikin 100 na kuɗin da gwamnati ke samu daga ma'adinai domin kominonin jahar da aka haƙo su. Kundin tsarin mulki na 2010, wanda aka jingine bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ya ce arzikin ƙarƙashin ƙasa mallakar al'ummar Nijar ne, ya kuma wajabta a buga yarjejeniyoyin haƙarsa a jaridar hukuma. A 2011 aka ɗaga Malbaza ta zama gunduma mai cin gashin kanta daga Ƙwanni. Takarda ta yi magana. Saura aiki.

Saboda haka bukatar a fili take. A fito da takardun cinikin 1998 daga akwati, kowa ya gani. A liƙa a ƙofar ma'aikatar kowane magajin gari, daga Malbaza zuwa Tajaye da Badagishiri, adadin kuɗin da komin ta karɓa daga dutse a kowace shekara da abin da aka yi da shi, a kuma karanta shi da Hausa a rediyon karkara. A auna ƙurar da mutane ke shaƙa, a faɗi sakamakon. A ware wani kaso na hannun jari ga kominoni da ma'aikata duk ranar da za a sake wani ciniki.

Masu mulki na yau suna yawan zancen 'yancin ƙasa a kan yuraniyom na Arlit da man fetur na Agadem. To, ga gwaji mai sauƙi a bakin hanya, wanda ba ya bukatar faɗa da wata ƙasar waje. In da gaske ne arzikin ƙasa na 'yan ƙasa ne, a fara da gaya wa mutumin Tajaye nawa dutsensa ya kawo bara, kuma wa ya karɓa.