Laifin Manya, Tambarin Yaro

Daga Gidan Rumji zuwa Agye da Gazawa, a kan babbar hanyar da ta ratsa jihar Maraɗi, da wuya a wuni a tasha ko a kasuwa ba a ji kalmar "shege" ba. Kamasho yana jifan direba da ita, ɗan kasuwa yana yi wa yaron shago, har akan yabi mai wayo da ita. Amma akwai waɗanda kalmar ba wasa ba ce a gare su, wato ƴaƴan da aka haifa ba da aure ba. Su tambari ce da ke bin su daga makaranta har ranar neman aure, inda binciken asali kan rushe maganar da aka riga aka tsayar.

Me yaron ya yi? Mutum biyu suka aikata abin. Namijin yakan musanta, ya yi aurensa, ya ci gaba da zama cikin dattawa. Macen ta sha kunya, yaron kuwa ya gaji zagi. Tsoron wannan suna yana cikin abin da ke kai wasu ƴan mata ga jefar da jariri, daga nan sai gidan kaso. Laifi tudu ne, in ji Hausawa: masu zagin sun taka nasu suna hangen na wanda bai san hawa ba, bai san sauka ba.

Masu fakewa da addini su sake dubawa. Gaskiya ne a mazhabar Malikiyya irin wannan ɗa uwarsa yake bi, ita yake gāda. Wannan hukuncin nasaba ne, ba izinin wulaƙanci ba. Alƙur'ani ya nanata cewa ba a ɗora wa wani zunubin wani, kuma Suratun Nur ta yanke bulala 80 ga mai ƙazafi. Wanda ya shegantar da mutum ba shaidu, uwarsa ya yi wa ƙazafi.

Ita ma hukuma tana da nata kason. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara tun 1990, wadda ta hana bambanci saboda haihuwa, ta kuma wajabta yi wa kowane yaro rajista da suna. Amma daftarin dokar iyali ya mutu a shekarun 1990 saboda adawar ƙungiyoyin addini, wani daftarin ya bi shi a 2011, ƴan siyasa suka yi gum don tsoron rasa ƙuri'a. Maganar nasaba da gado ta zauna a hannun al'ada. Makwabciya Najeriya kuwa ta rubuta a tsarin mulkinta na 1999 cewa ba a tauye ɗan ƙasa saboda yanayin haihuwarsa.

Kafin doka ta zo, akwai aikin da ba ya jira. Ma'aikacin gidan magajin gari ya rubuta takardar haihuwa ba tare da habaici ga uwar da ta zo ita kaɗai ba, domin yaron da ba takarda zai tsaya a ƙofar jarrabawar BEPC. Malamin makaranta ya hukunta mai zagi. Sarakuna da limamai su tsawatar a fada da kan mumbari. Ɗan kasuwa ya auna yaronsa da amana, ya bar tonon asali. Ɗa na kowa ne. Al'ummar da ta ƙi wannan, ita za ta girbi fushinsa gobe.