UNGUWA TA GYARU, AMMA INA LISSAFIN?



Duk mazaunin Daurawa ko Gyadi-Gyadi ya ga yadda wannan ɓangare na Tarauni ya canza. A 2014 aka buɗe rukunin kantunan Ado Bayero a Titin Gidan Zoo, a zamanin Gwamna Ganduje kuma aka yi gadar sama da ta ƙasa a shataletalen Dangi. Ba mu ƙi ci gaba ba. Amma idan hanya ta gyaru, fili yakan yi tsada, haya ta hau, abin da hukuma ke karɓa a kan gidaje da shaguna shi ma ya ƙaru. Mai gida kuwa a kan ɗan haya yake ɗora nauyin, kuma da yawa daga cikinmu 'yan haya ne. To, wannan ƙarin kuɗi ina yake tafiya?

A Amurka akwai tsari na musamman a kan irin wannan ƙari, wanda aka soma a jihar Kalifoniya a 1952. Hukuma za ta shata unguwa, ta ci bashi ta gyara ta, sa'an nan ta biya bashin da ƙarin harajin gidaje da gyaran ya jawo. A takarda abin da kyau. Amma kuɗin da ya kamata su je makarantu sai suka riƙa zuwa ga manyan magina. A 2011 jihar ta yi dokar rushe hukumomin, a 2012 aka rufe kusan 400. In haka ta faru inda ake buga lissafi a fili, ina ga inda ba a bugawa?

A nan Kano mun ga namu. Gwamnati ɗaya ta ba 'yan kasuwa filayen jama'a suka gina, a watan Yuni 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe gine-ginen tsohon Otal ɗin Daula da shagunan Filin Idi na Ƙofar Mata. Babbar Kotun Tarayya ta ce a biya masu shagunan Filin Idi naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Daga aljihun wa? Daga harajin mai shayi da tela da malamar makaranta. Lokacin bayarwa ba a tambaye mu ba, lokacin rushewa ba a tambaye mu ba, sai wajen biya aka tuna da mu.

Akwai masu cewa, har cikin dattawanmu, mu ba mu da yawa, gara mu yi shiru kada mu jawo ido. Wannan magana ba mu yarda da ita ba. Mai karɓar haraji ba ya tsallake ƙofar kowa don ba su da yawa. Kuma Dokar Filaye ta 1978 ta ba gwamna ikon karɓe fili domin amfanin jama'a; diyyar gini takan tafi ga mai haƙƙin filin, ɗan haya kuwa yawanci sai dai ya kwashe kayansa. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka shafa wa naka ruwa.

Saboda haka ga abin da muke kira a yi. Na ɗaya, kowane gida ya adana rasit na haya da na haraji. Na biyu, dattawa su haɗa kai da maƙwabtanmu Musulmi, a je wurin mai unguwa da kansila tare, gama lambatu ɗaya ne ke cika mana gidaje da damina. Na uku, a rubuta wa Ƙaramar Hukumar Tarauni da hukumar tsara birni ta KNUPDA a nemi sanin abin da aka tara a unguwanninmu, da abin da aka kashe, da duk yarjejeniyar da ta shafi filin jama'a. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa.

Mu muke biya, mu ya kamata a karanta wa lissafi. Allah ya ba mu ƙarfin hali, amin.