Kimiyya a Sauƙaƙe: Iri da Ƙasar da Aka Shuka Shi



Mu da muka tashi a Ƙofar Jatau mun saba ganin gonaki a bayan ganuwa da damina. Manoma biyu za su shuka masara iri ɗaya, ta wannan ta yi kyau, ta wancan ta tsumbure. Bambancin yana cikin ƙasa. A 1889 wani likitan Ingila, Stephen Paget, ya ce haka ciwon daji yake: ƙwayar cutar iri ce, naman da ke kewaye da ita kuwa ƙasa.

Ƙarin da ke fitowa a huhu ba ƙwayoyin sankara ba ne zalla. Akwai jijiyoyin jini da ke ciyar da shi, akwai kuma sojojin garkuwar jiki, wasu suna yaƙarsa, wasu ya kashe musu jiki. A 2018 James Allison da Tasuku Honjo suka samu kyautar Nobel saboda gano yadda ake sake farkar da waɗannan sojoji. Sai dai magungunan da aka yi ta wannan hanya, irin su Keytruda, suna da ɗan karen tsada, kuma ba kowa suke yi wa aiki ba. Iyali sai su sayar da gona, magani bai karɓi majinyaci ba.

Shi ya sa masana ke gutsuro ɗan naman ƙarin, su auna waɗanne ƙwayoyin gado ne ke aiki a ciki. A 2017 an fitar da wani jeri mai guda 18. In sun nuna ƙarfi, alama ce sojoji sun riga sun shiga ƙarin, tsokana kawai suke jira. In shiru ne, likita zai fi karkata ga wata hanya. Hasashe ne dai, yana kuskure, kuma har yanzu ana kan gwada shi.

Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne, akasarin samfurorin da aka gina irin wannan awo a kansu na Turawa ne. Ga Asibitin Koyarwa na ABU a Shika da sashensa na masu ciwon daji, ga majinyata, amma masu iya karanta waɗannan alƙaluma sun yi mana kaɗan. Aikin yana buƙatar bayoloji da lissafi da kwamfuta a kai ɗaya. Don haka 'yan SS2 da ke sulalewa in malamin lissafi ya shigo (mun san ku), da ku muke.

Masu zuƙar shisha kuwa, mako mai zuwa naku ne.