Hasashen yanayi: wane zubin lissafi ya kamata cibiyoyin Sahel su riƙe?

Hasashen ruwan sama da manomi ke ji a rediyo a Maraɗi ko Tawa ba a Yamai lissafinsa ke somawa ba. Yana somawa ne a manyan kwamfutocin cibiyar ECMWF ta Turai da ke birnin Bologna na Italiya, ko na hukumar NOAA ta Amurka, masu lissafa yanayin duniya sau huɗu a rana. Daga can ne ma'aikatar hasashen yanayi ta ƙasa da cibiyoyin AGRHYMET da ACMAD da ke Yamai ke ɗauko bayanai, su tace su da manhajojinsu.

Sai dai waɗannan tsare-tsaren lissafi ba sa zama wuri guda. Amurka ta fito da zubi na 16 na tsarinta GFS a watan Maris na 2021. A watan Yuni na 2023 ECMWF ta rage tazarar ma'aunin hasashenta na tarin lissafi daga kilomita 18 zuwa 9. Ranar 25 ga Fabrairu 2025 kuma ta soma aiki da AIFS, tsari mai amfani da ƙirƙirarriyar basira, kusa da tsohon tsarinta IFS.

Duk lokacin da aka yi irin wannan sauyi, dole a taɓa manhajar da ke sauko da bayanai, ta daidaita su da abin da tashoshin awon ruwa suka rubuta, sannan ta zana taswira. Nan ne masu kula da ita ke fuskantar zaɓi: zubi nawa za ta ci gaba da karɓa, kuma yaushe za a saki tsoho?

Riƙe tsofaffi da yawa yana da tsada. Kowane zubi yana buƙatar gwaji, da wurin ajiya, da ma'aikacin da ya san shi, alhali ƙwararrun ba su da yawa. Sakin tsoho da gaggawa kuma ya fi haɗari. Kowane tsari yana da karkatarsa: wani yana yawaita yayyafi, wani yana makara wajen nuna faɗuwar damina. Masana na gano wannan ne ta hanyar sake lissafa shekarun baya da tsarin, su kwatanta da ruwan da aka samu a zahiri. Hasashen damina na taron PRESASS da ake yi kowace shekara ya dogara da irin wannan kwatance, da tsare-tsare kamar SEAS5 na Turai mai aiki tun 2017 da CFSv2 na Amurka mai aiki tun 2011. Sabon zubi na nufin sake wannan aiki daga tushe.

AIFS yana da sauri kuma ba ya cin lantarki sosai, amma irin waɗannan tsare-tsare sukan rage ƙarfin ruwa mai tsanani a lissafinsu. A Sahel kuwa hadari guda kan zubar da ruwa mai yawa cikin ƴan sa'o'i. Ambaliyar 2024 ta hallaka fiye da mutum 300 a Nijar, ta shafi fiye da miliyan ɗaya, ta kuma rusa tsohon masallacin Damagaram. A irin wannan dare, gargaɗin da ya raina ƙarfin ruwa asarar rayuka ne.

Saboda haka hanya mafi dacewa ita ce manhaja ta riƙe zubi biyu a lokaci guda, na yanzu da mai zuwa, a gwada su tare tsawon damina guda, daga Yuni zuwa Satumba, kafin a saki tsohon. Tun da manyan cibiyoyin ne ke yanke ranar da suke dakatar da tsohon zubi, cibiyoyin yankin na buƙatar neman bayanan gwaji da wuri, tare da matsa lamba a sanar da jadawalin sauyi tun lokacin rani, domin kada gyaran manhaja ya faɗo a tsakiyar watan Agusta.