DIGIRIN MUHALLI KO DIGIRIN CIKE TAKARDA?

Jiya da yamma wani abokin karatuna ya kira ni, muka daɗe muna hira. Ƙarshenta ya ce, "Malam, ka daina wahalar da kanka. Ka canza maudu'i, ka buga takardar tambayoyi, ka gama ka tafi." Na san da zuciya ɗaya ya faɗa. Amma tun jiya maganar ke cin raina, shi ya sa na ce bari in amayar da ita a nan, duk wanda zai ji haushi ya yi haƙuri.

Digiri na biyu nake yi a fannin kula da muhalli. Aikin da na ɗauka shi ne auna ruwan rijiyoyin wata unguwa da ke gefen rafin da gurɓataccen ruwa ke bi. Rijiya 20, ina neman nau'in ƙarfe mai guba 5 a kowacce, sau ɗaya da damina, sau ɗaya da rani. Ku lissafa: gwaji 200 ke nan. Injin da ke wannan aikin a wurinmu tun kafin in shigo yake lulluɓe da leda. Sai dai ka kwashi samfur ka kai ɗakin gwaji na kuɗi, inda ake cajin kowane ƙarfe daban a kowane samfur. Kwalabe, ƙanƙara, sinadarin adanawa, kuɗin mota, duk daga aljihunka, bayan kuɗin makaranta da na cefanen gida.

To me ɗalibi zai yi? Sai ya bi hanya mai sauƙi. Maimakon ya auna ruwan, sai ya tambayi mutane ra'ayinsu a kan ruwan. "Kana ganin ruwan rijiyarku na da kyau? Na yarda, ban yarda ba." Wani ma ba zai taka unguwar ba. Zai samu inuwar darbejiya, ya sayi biro kala uku, ya cike takardun da kansa. Wani kuma ya biya a rubuta masa gaba ɗaya. Ranar kare kundi a yi ta gardama a kan girman harafi da faɗin gefen shafi, a ci shinkafa da kaza, a ɗauki hoto. Ba safai ake cewa "kawo ɗanyen bayananka mu gani" ba.

Kafin wani ya taso mini: ban ce takardar tambayoyi banza ba ce. In kana son sanin dalilin da ya sa mutane ke zuba shara a kwata, ko yadda manomi ke gane sauyin damina, dole ka tambayi mutane, kuma ilimi ne mai zaman kansa. Amma dalma ba ta da wari, ba ta canza launin ruwa. Ra'ayin mutum dubu ba zai gaya maka ko tana cikin rijiya ba. Awo ne kaɗai zai faɗa.

Ku tuna Zamfara a 2010. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega, ana niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje, ƙurar na ɗauke da dalma, yara na wasa a kai. Yara aƙalla 400 suka rasu. Likitocin ƙungiyar MSF ne suka fara lura da yawan mace-macen, gwajin jini da na ƙasa ya tabbatar da musabbabin. Da an shiga ƙauyukan nan da takardar tambayoyi, amsar da za a samu ita ce zazzaɓi ko iskokai. A 2015 irin wannan ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Wato bayan shekara biyar ba mu koyi komai ba.

Ku tuna Maiduguri, 10 ga Satumba 2024, ranar da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya cinye unguwanni, asibitoci da kasuwanni. Garin ya taɓa ganin irin wannan ambaliya a 1994. Tsakanin biyun shekara 30 ne cif. Ɗalibai nawa aka yaye a fannin muhalli da albarkatun ruwa a Arewa cikin shekarun nan? Kundi nawa aka rubuta a kan ambaliya? Nawa ne daga ciki wani mai yanke shawara ya taɓa buɗewa?

A Kano ma ga su nan: ruwan masana'antun fata na Sharada da Challawa, da rafin Jakara da ake noman rani da ruwansa, kayan lambun kuma su shigo kasuwa mu saya. A dausayin Haɗeja da Nguru ga ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, ta kori manoma da masunta. Matsala ba ta yanke mana ba. Abin da ya yanke shi ne igiyar da ke haɗa jami'a da matsalar.

Ga inda abin ya fi ba ni tsoro. Bayan da aka jibge shara mai guba daga Italiya a garin Koko a 1988, ƙasar nan ta kafa hukumar kare muhalli, sannan a 1992 aka yi dokar da ta wajabta tantance illar duk wani babban aiki ga muhalli kafin a fara shi. A 2007 aka kafa NESREA. Su wa ke rubuta waɗannan rahotanni? Su wa ke duba su? Mu ne, masu wannan digirin. Wanda ya saba ƙirƙirar lamba a inuwar bishiya, me zai hana shi kwafo rahoton wata masana'anta ya canza suna da kwanan wata? Sa hannunsa zai yi ya karɓi kuɗinsa, yaran unguwa su sha ruwan.

Wasu za su ce laifin malamai ne. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Malamin da aka jibga wa ɗalibai fiye da ƙima, ga darasi, ga albashin da ba ya kai ƙarshen wata, yaushe zai bi ka daji ya ga ko ka ɗebo samfur? Yajin aikin 2022 kaɗai wata takwas ya ci, ya rusa wa mutane da dama lissafin damina da rani. Amma mu ɗalibai ma kada mu wanke kanmu. Da yawanmu takardar muke so don ƙarin girma a ofis. Talauci uzuri ne na rage yawan samfur, ba uzurin yin ƙarya ba ne.

Abin da nake nema ba shi da yawa. Duk sashen da ba shi da ɗakin gwaji mai aiki ya rage ɗaukar ɗalibai, ko ya ƙulla yarjejeniya da inda ake da shi. Ma'aikatun muhalli na jihohi su kawo matsalolinsu jami'a, su ware wani abu daga kason asusun muhalli da suke karɓa don biyan kuɗin gwaji. A wajabta miƙa ɗanyen bayanai, da hotuna, da lambobin taswirar wurin da aka ɗebi samfur. A ɗora kundaye a intanet. Kowane ɗalibi kuma ya rubuta shafi ɗaya da Hausa, ko harshen mutanen wurin, ya kai wa mai unguwa. Mutanen da suka ba ka ruwan rijiyarsu suna da haƙƙin sanin abin da ka gani.

Ni dai na rage rijiyoyina daga 20 zuwa 12, abin da aljihuna zai iya ke nan, kuma haka zan rubuta a kundin ba ƙari. Wata dattijuwa da na ɗebi ruwa a gidanta ta ce mini, "Ɗana, in ka gwada ka dawo ka faɗa mana." Na ce mata to, Baba. Ban san yadda zan koma mata da lambar da na ƙirƙira ba.

'Yan uwa masu wannan karatu, ku faɗa mana gaskiya a ƙasa: injin sashenku yana aiki? Allah Ya kyauta.